Wa ya ce Shaiɗan ne gwarzon waƙar Milton?

Yau gardama na zo da ita. Ku gyara zama.

Wata rana da dare, bayan an gama girbi, muna zaune a ƙofar gida muna hira. Sai na ba mutane labarin wata doguwar waƙa ta Turawan Ingila. Waƙar addini ce. Tana ba da labarin yadda aka kori Shaiɗan daga sama, da yadda ya yaudari Adamu da Hauwa'u. Na kai wurin da Shaiɗan ya tashi zai yi wa rundunarsa magana bayan an ci su da yaƙi. Sau uku yana buɗe baki, sau uku kuka yana hana shi. Sai wani dattijo da ke gefe ya ce, "Allah sarki!" Bai rufe baki ba ya zabura ya ce, "A'uzu billahi! Shaiɗan nake tausayi?" Ya tofar da yawu. Aka yi ta dariya.

Ni ban yi dariya ba. Abin da ya sami dattijon nan ya sami masu karatun waƙar nan tun fiye da shekara 350. Tausayi ya fara zuwa, ƙyama ta biyo baya, mutum ya rasa wanda zai riƙe.

Akwai wani saurayi a wurin, ya yi lakwal a birni. Ya ce, "Baba, kada ka ji kunya. Manyan masana na Ingila ma sun ce Shaiɗan ne gwarzon waƙar. Shi ne wanda ya ƙi durƙusawa." Wani kuma daga can baya ya ce, "Littafin da zai sa mutum ya tausaya wa Shaiɗan, wuta ta dace da shi." Ban yarda da ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma maganar saurayin ta fi ci mini rai, domin ta fi daɗin ji, kuma tana da manyan mutane a bayanta.

Bari in fara gaya muku ko wane ne mai waƙar. Sunansa Jon Milton. An haife shi a birnin Landan a shekara ta 1608, ya mutu a 1674. Malami ne ƙwarai, ya san Latin da Girkanci da Ibrananci. A zamaninsa aka yi yaƙin basasa a Ingila tsakanin Sarki Sharl na ɗaya da majalisar ƙasa. Yaƙin ya fara a 1642. Mutanen majalisa suka ci. A watan Janairu na 1649 suka sare kan sarkin a bainar jama'a. Milton yana bayansu. Ya rubuta littafi ya ce jama'a suna da ikon hukunta azzalumin sarki. Sabuwar gwamnati ta ba shi aikin rubuta wasiƙu zuwa ƙasashen waje da harshen Latin, ya yi aiki a ƙarƙashin shugabansu Oliba Kuromwel.

Daga nan duniya ta juya masa baya. A 1652 ya makance sarai. A cikin shekarar nan matarsa ta mutu, ɗansa namiji ɗaya tak shi ma ya bi ta. Ya sake aure, matar ta biyu ta mutu a 1658. Kuromwel ma ya mutu a wannan shekara. A 1660 ɗan sarkin da aka kashe ya dawo ya hau gadon ubansa. Aka kashe wasu daga cikin mutanen tsohuwar gwamnati. Aka ƙona wasu littattafan Milton. Shi kansa ya ɓuya, daga baya aka kama shi aka tsare shi ɗan lokaci kafin a sake shi.

A cikin waɗannan shekaru ya yi waƙar. Ba ya gani, ba ya iya rubutu da hannunsa. Yakan tsara baitoci a ransa da dare, da safe ya faɗa, wani ya rubuta. Waƙar ta wuce layi 10,000. Sunanta da Turanci Paradise Lost, wato Aljannar da aka rasa. An buga ta a 1667, kashi 10. A 1674 aka sake bugawa, aka mai da ita kashi 12. Kuɗin farko da mai bugawa ya ba shi fam 5 ne kawai.

Wani abu kuma ya kamata ku sani tun yanzu. Milton Kirista ne. Ya ɗauko labarin daga littafin Farawa na Baibul, ya ƙara da tunaninsa. Saboda haka Shaiɗan nasa ba daidai yake da Iblis da aka sani a Alƙur'ani ba. A Alƙur'ani Iblis aljani ne, ya ƙi yi wa Adamu sujada don shi daga wuta aka halicce shi, Adamu daga laka. A waƙar Milton babban mala'ika ne, ya yi tawaye tun kafin a halicci Adamu, saboda an ɗaukaka Almasihu a kan dukan mala'iku. Labaran biyu sun bambanta. Amma ciwon ɗaya ne a wurare biyun: girman kai da hassada.

To, me ya sa mutane suke tausayinsa?

Ba zan ɓoye muku ba, akwai dalili. Milton bai fara waƙar daga farkon labari ba. Ya fara ta daga lokacin da Shaiɗan yake kwance a cikin tafkin wuta, shi da mabiyansa, kwana 9 ba su motsa ba. Ba mu ga laifinsa ba tukuna, sai wahalarsa. Kun san halin ɗan Adam. In ka iske ana dukan mutum a kasuwa, kafin ka ji abin da ya sata, tausayinsa ya riga ya kama ka. Sannan wannan wanda aka kayar bai yi kuka yana neman agaji ba. Ya ɗaga kai, ya tashe abokinsa Ba'alzabul, ya ce faɗuwa a fagen yaƙi ba ita ce ƙarshen magana ba. Ya miƙe da garkuwa da mashi, ya kira rundunarsa, suka tashi. Kashi ɗaya cikin uku na mala'iku ne suka bi shi. Da ya dube su ya ga yadda suka lalace saboda shi, hawaye suka zubo masa. Ko a filin kokawa, wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe jiki bai sunkuyar da kai ba, mutane sukan yi masa tafi.

Kuma maganganunsa suna da ƙarfi. Wanda ya rubuta su ya san ɗacin faɗuwa, ya san yadda ake ji in abokan gaba suna biki a ƙofar gidanka. Na yarda da wannan. Na kuma yarda cewa inda Milton ya sa magana a bakin Ubangiji, waƙar ta yi sanyi, kamar alƙali yana karanta takarda. Wannan nauyi ne da ya fi ƙarfin kowane mawaƙi, kuma masu karatu da yawa sun lura da haka.

Shi ya sa tun 1697 wani mawaƙin Ingila, Jon Duraidin, ya ce Shaiɗan ne ya zama jarumin waƙar. Wajen 1790 wani mawaƙi mai zane, Wiliyam Bilek, ya ce Milton yana ɓangaren Shaiɗan ba tare da ya sani ba. Bayansa mawaƙi Sheli, a rubutun da ya yi a 1821, ya yaba wa Shaiɗan na Milton saboda ya daure azaba bai saki manufarsa ba. Waɗannan su ne masanan da saurayin nan yake nufi. Bai yi ƙarya ba, sun faɗa.

Amma ni ina cewa sun yi kuskure. Sun ji abin da Shaiɗan ya faɗa a gaban jama'a, ba su bi shi gida ba.

Mu bi shi. A kashi na 2 ya kira taron shawara a fadar da suka gina cikin wuta. Wanda yake cewa ya yi tawaye ne don kada kowa ya zama bawan wani, ina ya zauna? A kan gadon sarauta mai ƙyalli, wanda ya fi na manyan sarakunan gabas. Aka ce kowa ya faɗi ra'ayinsa. Molek ya ce a koma yaƙi. Beliyal ya ce a zauna lafiya kada a ƙara jawo wahala. Mammon ya ce a haƙura da sama, a haƙo zinariya a gina daula a nan. Jama'a suka ji daɗin maganar Mammon, suka yi masa sowa. Nan take Ba'alzabul ya miƙe ya kawo wata shawara. Ya ce akwai wata sabuwar duniya da wata sabuwar halitta da ake kira mutum, a je a ɓata shi. Aka amince. To, mawaƙin ya gaya mana ƙarara cewa wannan shawara ba ta Ba'alzabul ba ce. Shaiɗan ne ya fara ƙulla ta. An tara mutane ana tambayar ra'ayinsu, alhali an riga an yanke magana a ɗaka. Wanda ya taɓa zama taro irin wannan ya san abin da nake faɗa.

Bai tsaya nan ba. Aka ce wa zai tafi? Kowa ya yi shiru don tsoro. Shaiɗan ya ce shi zai tafi shi kaɗai. Masu yabonsa sukan tsaya a nan su ce, "Kun ga namiji!" Ku karanta gaba kaɗan. Yana gama magana ya miƙe ya rufe taron. Don me? Don kada wani ya ce shi ma zai je, ya sami suna a banza ya zama kishiyarsa. Ko a cikin wuta lissafin kujera yake yi.

Kuma ku dubi shawarar kanta. Wanda ya kayar da shi yana nan, amma ya san ba ya iya taɓa shi. Sai ya nufi mutum biyu da ba su san shi ba, ba su yi masa kome ba, ba su da makami. In wani ya yi faɗa da maƙwabcinsa aka fi ƙarfinsa, da dare ya zagaya ya zuba wa ƴaƴan maƙwabcin guba a tulu, a garinku gwarzo ake ce masa?

Wurin da ya fi kome muhimmanci a wurina yana farkon kashi na 4. Shaiɗan ya iso duniya, ya sauka a kan wani dutse. Babu runduna, babu mai jin sa. Ya dubi rana ya yi magana shi kaɗai. Nan ne ya faɗi gaskiya. Ya yarda cewa Ubangiji ne ya halicce shi, kuma bai zalunce shi ba. Ya yarda cewa bautar da ake nema gare shi ba mai wuya ba ce, yabo ne da godiya. Ya yarda cewa godiyar ce ta yi masa nauyi, ya ɗauke ta kamar bashin da ba ya ƙarewa. Ya yarda cewa da zaɓinsa ya faɗi, domin wasu manyan mala'iku irinsa ba su faɗi ba. Ya ce duk inda ya gudu wutar tana cikinsa. Har ya tambayi kansa ko akwai sauran hanyar tuba. Ya ga akwai, amma sai an sunkuyar da kai. Me ya hana shi? Abu biyu. Raini ga biyayya, da kunyar mabiyansa. Ya yi musu alkawari da cika baki cewa zai yi nasara, yanzu ina zai sa fuskarsa? Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sai ya yi ban kwana da bege, ya rungumi mugunta ya ce ita ce rabonsa.

Jama'a, a nan ni ma na tausaya masa, kuma ban ji kunyar faɗa ba. Wa bai san irin wannan hali ba? Mutum ya yi faɗa da ɗan uwansa a kan iyakar gona. Da dare yana kwance ya san shi ne da laifi. Ya san in ya je da safe ya ce a yi haƙuri, magana ta ƙare. Amma ya riga ya rantse a gaban mutane. Shekara 10 ta wuce, ba gaisuwa, ba zuwa suna, ba zuwa jana'iza. Ana tausayin mutum irin wannan. Amma ba wanda zai ce wa ɗansa ya yi koyi da shi.

Kuma ku lura da abin da wannan magana ta yi wa maganganunsa na farko. A gaban runduna ya ce azzalumi ne ya kayar da su. Shi kaɗai kuwa ya ce ba a zalunce shi ba. Wace za mu ɗauka? Bilek da Sheli sun riƙe ta dandali. Ni na riƙe ta ɗaka.

Yanzu ga inda ƙyama take shigowa. Ya tsallake katangar Aljanna, ya ga Adamu da Hauwa'u. Kyansu ya kama shi. Ya ce a ransa zai iya son su. Ya ce yana jin tausayinsu, ya san ba su da laifi. Sannan ya ce dole ce ta sa zai hallaka su, don amfanin jama'arsa da faɗaɗa daularsa. Mawaƙin bai bari maganar ta wuce ba. Ya sa baki ya ce fakewa da dole ita ce hujjar azzalumai. Wannan ta fi mugunta tsirara muni. Kura in ta kama akuya ba ta ce mata tana tausayinta. Amma mai cin amanar da zai dube ka ido cikin ido ya ce, "Wallahi ba a son raina ba," yana kuma ci gaba da aunar hatsinka, shi ne wanda ya san abin da yake yi.

Haka ya sake yi a kashi na 9. Ya iske Hauwa'u ita kaɗai tana gyaran furanni. Ɗan lokaci kaɗan ya tsaya cak, ya manta ƙiyayyarsa. Ga ƙofa ta sake buɗewa. Shi da kansa ya tuno wa kansa abin da ya kawo shi, ya hura wutar ƙiyayyar, ya ci gaba. Ya gaya mata ƙarya. Ya ce shi maciji ne na daji, ya ci ɗan itacen nan ne ya sami magana da hankali, ga shi bai mutu ba. Bai taɓa cin sa ba.

Saurayin nan ya ce mini, "Ai mawaƙin ne ya yi masa rashin adalci. Da ya ga Shaiɗan ya fi ƙarfinsa, sai ya dinga ƙasƙanta shi da gangan." Wannan ma ba shi ya fara faɗa ba, wani masani mai suna Waldok ya rubuta kusan haka a 1947. Gaskiya ne siffarsa tana ta raguwa. Ya fara da babban jarumi. Sai ya zama ƙaramin mala'ika don ya ruɗi Uriyel mai tsaron rana. Sai baƙin tsuntsun ruwa a kan itacen rai. Sai zaki, sai damisa. Sai kwaɗo a bakin kunnen Hauwa'u tana barci, yana hura mata mugun mafarki. Sai hazo. Sai maciji. Amma wa ya sa masa waɗannan riguna? Shi ya zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, don aikin da ya ɗauka haka yake bukata. Mai shiga gidan mutane da dare dole ya rarrafa. Shi kansa, kafin ya shiga cikin macijin, ya yi kukan yadda wanda ya yi takara da sama ya koma cikin dabba. Ya yi kukan, ya kuma shiga. Wani malamin Ingila, Luwis, ya nuna wannan gangara a littafin da ya buga a 1942, kuma a nan ina tare da shi.

Saura babbar hujjarsu. Suna cewa Milton ɗan tawaye ne, ya goyi bayan kashe sarki, to yaya zai ƙi ɗan tawayen sama? Ku duba da kyau. Faɗan Milton da Sarki Sharl shi ne, mutum ɗan uwan mutum ne, bai kamata ɗaya ya mai da kansa ubangijin sauran ba. Bai taɓa cewa halitta daidai take da Mahalicci ba. To a cikin waƙar wa ya hau gadon da ba nasa ba? Wa ya sa ƴan uwansa suna rusuna masa? Wa ya kira taro bayan ya gama yanke magana? Shaiɗan ya fi kama da sarkin da Milton ya ƙi, bai yi kama da Milton ba. Yana maganar ƴanci, yana neman rawani.

In gwarzo kuke nema, akwai shi a cikin waƙar, masu yabon Shaiɗan ne ba sa son ambatonsa. Sunansa Abdiyel. Yana cikin rundunar da Shaiɗan ya ja zuwa arewacin sama da dabara, ba tare da ya gaya musu gaskiyar abin da ake shiryawa ba. Da Shaiɗan ya fito da maganar tawaye, dubban dubbai suka yi shiru ko suka yarda. Abdiyel shi kaɗai ya miƙe ya ce wannan ƙarya ce. Ya tuna masa cewa shi ma halitta ne. Shaiɗan ya ce wa ya ga lokacin da aka halicce shi? Ya ce su da kansu suka samu. Ku ji fa! Wanda zai yarda daga baya, shi kaɗai a kan dutse, cewa halittarsa aka yi. Ba wanda ya goyi bayan Abdiyel. Ya ratsa ta tsakiyarsu suna yi masa ba'a, ya tafi. Shaiɗan yana da runduna a bayansa lokacin da ya ce a'a. Abdiyel ba shi da kowa. Wace a'a ta fi wuyar faɗa? Duk wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai a taron dangi ya san amsa. Ni ina ganin a nan ne Milton ya zana kansa, makaho a Landan bayan 1660, kowa ya koma wajen sabon sarki.

Yanzu in juyo ga mutuminmu mai son ƙona littafi. Ba zan daɗe da shi ba. Yana son a zana Shaiɗan dodo mai ƙaho da wutsiya, yadda ko yaro ya gan shi zai gudu. To in haka yake, wa zai ruɗa? Macuci ba ya zuwa da wuƙa a hannu. Da farar riga yake zuwa, da sallama, da maganar da kake son ji. Malaman Musulunci ma sun san haka. Ibnul Jauzi na Bagadaza, wanda ya rasu a 1201, ya rubuta littafi sukutum mai suna Talbisu Iblis, a kan yadda Iblis yake shigar wa malamai da masu ibada da sarakuna ta ƙofar da suke zaton ta alheri ce. Mawaƙin da ya ba Shaiɗan daɗin baki bai yi masa ado ba, gaskiyar halinsa ya faɗa. Wani masani ɗan Amurka, Istanli Fish, ya ce a littafinsa na 1967 da gangan Milton ya bar mai karatu ya ruɗu da maganar Shaiɗan, sannan ya farkar da shi, don ya ga da idonsa yadda ruɗuwa take da sauƙi. Abin da ya sami dattijonmu ke nan tsakanin "Allah sarki" da "A'uzu billahi". Da an ƙona littafin da bai san cewa kunnensa ma yana iya ruɗuwa ba.

Saboda haka ban ce dattijon ya yi laifi da ya ji tausayi ba. Zuciyar da ba ta motsi in ta ga babba ya lalace, ba zuciyar kirki ba ce. Inda na raba hanya da saurayin shi ne wajen mai da tausayi yabo. Likita yana tausayin mai ciwon hauka, ba ya ba shi makullin asibiti. Kuma abin ba wasa ba ne. Mai magana irin ta Shaiɗan na Milton bai ƙare a littafi ba. Yana nan a kowace ƙasa. Yakan ce an zalunce shi, yakan ce don ku yake yi, yakan yi kuka a gaban jama'a, kukan ma wani lokaci na gaskiya ne. In ya faɗi, mabiya ne ke shan wuta tare da shi. Wanda ya saba tafa wa irin wannan a takarda, zai tafa masa a dandali.

Na ƙarasa musu labarin a daren nan. A kashi na 10 Shaiɗan ya koma wuta da albishir. Ya hau gadonsa, ya ba da labarin yadda ya ruɗi mutum da ɗan itace ɗaya, yana yi wa abin dariya. Ya yi shiru yana jiran tafi. Abin da ya ji sai tsaki irin na macizai daga kowane gefe. Mabiyansa duka sun zama macizai. Shi ma ƙafafunsa suka haɗe, ya faɗi rub da ciki. Wannan rigar kaɗai ce ba shi ya zaɓa ba. Suka ga itatuwa masu ƴaƴa kamar na Aljanna, ƙishirwa da yunwa suka kore su suka hau, suka ciza, sai toka a baki. Daga nan ba a sake jin muryarsa ba har ƙarshen waƙar.

Dattijon ya ce, "To Adamu da Hauwa'u fa?"

Na ce su ma sun yi laifi, sun kuma yi faɗa, kowa yana ɗora wa ɗan uwansa. Adamu ya kore ta da baƙar magana. Hauwa'u ta dawo ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka, ta ce laifin nata ne, a ɗora mata ita kaɗai. Zuciyarsa ta yi sanyi. Suka koma wurin da aka yanke musu hukunci, suka durƙusa tare suka nemi gafara. Abin da babban jarumin ya kasa yi a kan dutse, mace ce ta fara yin sa. An karɓi tubarsu, amma ba a bar su a Aljanna ba. Mala'ika Mika'ilu ya kama hannuwansu ya kai su ƙofar gabas. Suka waiwaya suka ga takobin wuta, suka zubar da ƴan hawaye, suka share, suka kama hanya su biyu.

Saurayin bai ce ya yarda ba. Ya ce sai ya karanta kashi na 4 da kansa tukuna. Na ce ya karanta, in ya gama ya zo mu ƙarasa.